Bahago da bindigar dama: me ake canzawa, me ake haƙura da shi?

Bahago_Sabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce ga masu sani. Mutum ne bahago, daga kafaɗar hagu yake harbi, bindigogi biyu ne a hannunsa, duka da lasisi: ɗaya mai sakata (ƙarfen da ake ja da hannu a cusa harsashi) ta farauta, ɗaya ƙirar AR-15 ta filin harbi. Dukansu na dama ne. Makullin da ke hana bindiga tashi ba ya kusa da babban yatsa, kwanso yana gilmawa ta gaban hanci, ita kuwa sakata sai hannu ya tsallake madubin saiti kafin ya kama ta. Wanne ake iya canzawa a gida, wanne sai maƙeri, wanne kuma ba shi da magani sai a sayi wata?

Ido_Guda:
Wa alaikumus salam. Kafin a kwance noti ko ɗaya, a gwada ido tukuna. Ido ne ke zaɓen kafaɗa. Kusan mutum 1 cikin 10 ne bahago, amma masu rinjayen idon hagu sun fi haka yawa sosai, kuma akwai bahagwai da yawa da idon damansu ne ke jagora. Gwajin bai kai minti ɗaya ba: miƙa hannuwa biyu gaba, haɗa su ka bar ɗan rami mai kusurwa uku, ka sa wani abu da ke nesa, kamar mita 5, a tsakiyar ramin, idanu biyu a buɗe. Rufe na hagu. In abin yana nan, idonka na dama ne shugaba. In ya ɓace, na hagu ne. A maimaita sau uku. Bahagon da idon damansa ke jagora, sau da yawa ya fi masa sauƙi ya koyi kafaɗar dama, ya bar bindigar yadda take.

Bahago_Sabo:
An gwada, Malam. Hannu hagu, ido ma hagu.

Ido_Guda:
To, shi ke nan, cikakken bahago ne. Sai a ci gaba.

Baba_Maƙeri:
Bari in fara da AR ɗin, don ita ce mai sauƙi. Abu huɗu ake taɓawa a jikinta: makulli, maɓallin sakin magazin (gidan harsasai), hannun ɗanawa, da mariƙin sakata. Makulli ne kawai nake ganin dole ne a canza. Na asali harshensa ɗaya ne, a gefen hagu, inda babban yatsan mai dama yake. Ana sa mai harshe biyu.

Ga yadda ake yi. Cire magazin, ja sakata baya, duba ɗakin harsashi da ido, sa yatsa ka taɓa. Harsasai su bar ɗakin da ake aikin gaba ɗaya. Ture fin biyu, raba ɓangaren sama da na ƙasa. Ɗana guduma, wato ƙarfen cikin da kunama ke saki, da hannu, domin makullin ba ya fita sai guduma tana ɗane. Kada ka kuskura ka ja kunama a wannan hali, guduma za ta daki bangon ƙarfen ta lalata shi. Kifa ɓangaren ƙasan, mariƙin hannu yana kallon sama, ka kwance notin da ke cikinsa, sannan ka ɗaga mariƙin a hankali. Akwai siririn sifirin a wani rami a jikin mariƙin, ƙarƙashinsa kuma ɗan fin mai tsini wanda bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Su ne ke riƙe makullin ya yi ƙas idan an juya shi. Nan ne mutane ke asara: sifirin ya yi tsalle, a kwana ana lalube a ƙasa. Shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka fara. Zare tsohon makulli ta hagu, zura sabon, mai da fin ɗin tsininsa na kallon makulli, mai da mariƙi a miƙe don kada sifirin ya lanƙwashe. Harsunan biyu da ƙananan noti ake ɗaure su. Ɗigo ɗaya na gam ɗin noti, Loctite shuɗi, 242 ko 243, a bar shi awa 24. Ban da jan Loctite, shi sai da wuta yake kwancewa.

Mai_Kunama:
Baba, a ƙara da gwajin bayan aiki, don shi ne ake tsallakewa. Bindiga a haɗe, babu harsashi, baki yana kallon inda ba kowa. Ɗana, sa makulli, ja kunama da ƙarfi: kada guduma ta faɗi. Buɗe makulli, ja: ta faɗi. Riƙe kunamar a matse, sake ɗanawa, saki kunamar a hankali har ka ji ƙas, guduma ba ta faɗi ba. Sake ja: ta faɗi. A yi zagayen sau biyar aƙalla, daga harshen hagu da na dama. Ko sau ɗaya ta saɓa, ba a sa mata harsashi sai maƙeri ya gani. Wasu kunamu na kanti ba sa jituwa da kowane makulli, musamman irin mai gajeren juyi na digiri 45 ko 60 maimakon 90.

Baba_Maƙeri:
Gaskiyarka. Na kuma manta abu ɗaya: dogon harshe a gefen dama, inda babban yatsan bahago zai kwanta, gajere a hagu. In aka sa dogaye biyu, na hagun zai riƙa gugar gindin yatsan kunama duk sanda aka buɗe makulli, wani lokacin ma yatsan ya tare shi ya tsaya a rabi.

Kwanso556:
Maɓallin magazin fa, ni ban ga dalilin canza shi ba. Yana gefen dama. Hannun bahago na dama shi ne a sake, ya kama magazin ɗin, babban yatsa ya danna maɓalli, ya zare. Magazin ba ya ma faɗuwa ƙasa. Mariƙin sakata kuwa yana hagu, daidai inda yatsan kunamar bahago zai miƙa ya danna. A nan ma masu dama ne ke sayen ƙarin ƙarfe irin B.A.D. na Magpul don su samu abin da bahago ya samu kyauta.

Gwanin_Gasa:
@Kwanso556 a harbin nishaɗi haka ne. A gasar da ake ƙirga daƙiƙa, hannun da ke zare tsohon magazin shi ne ya kamata a ce ya riga ya tafi ɗauko sabo. Shi ya sa ake sa irin Ambi-Catch na Norgon, yatsan hagu ya saki magazin. Sa shi ba wuya: danna maɓallin dama can ciki da wani abu marar kaifi, ƙugiyar ta fito ta hagu, ka warware ta kamar noti, ka murɗa sabuwar. Ma'aunin shi ne kan zaren ya zo daidai da fuskar maɓallin. In ka ƙara juyi, magazin zai ƙi faɗowa. In ka rage, zai riƙa zamewa ana cikin harbi. Sa tef a jikin bindigar kafin ka fara murɗawa, in ba haka ba ƙugiyar za ta zana mata da'ira.

Kwanso556:
Ka faɗi aibinsa kuma. Harshen yana fitowa waje, in bindiga na rataye ta bugi bel ko aljihun riga, sai ka ɗaga ta ka tarar magazin ya tafi.

Gwanin_Gasa:
Ga mai dama ne wannan ya fi faruwa, don gefen hagu ne ke manne da jikinsa. Bahago gefen dama ne ke jikinsa, kuma maɓallin asali yana da katanga kewaye da shi. Amma na yarda, a zaɓi mai gajeren harshe.

Hajiya_Saiti:
Hannun ɗanawa shi ne mafi sauƙi a cikinsu, ba ya buƙatar ko alanki. Buɗe bindiga ta fin ɗin baya, ja hannun rabi, zare sakata da gidanta, ja hannun har ya zo inda aka yanka masa hanya, ya faɗo. Sabon mai kunne biyu, irin Raptor na Radian, ya shiga ta nan. Na asali ƙugiyarsa a hagu take kaɗai, hannun dama sai ya zagayo ta sama ko ya kama da yatsu biyu. Sai dai kada a ruɗu da masu manyan kunnuwa. Suna sukar ƙirji idan an rataya bindiga, suna kuma kama tufafi su buɗe sakata kaɗan ba ka sani ba, ka ja kunama ka ji shiru.

Dan_Tauri:
Duk wannan kwalliya ce. Babbar matsalar ita ce tagar da kwanso ke fita, kuma babu notin da zai mai da ita hagu.

Kwanso556:
Tagar ba dodo ba ce kamar da. Tsohuwar AR ta soja, M16A1, ita ce ba ta da kariya, kwanso yana komowa baya ya sami bahago a kunci ko ya shige wuyan riga. Tun daga M16A2 a shekarun 1980 aka ƙera ɗan tudu a bayan tagar, kwanso ya bugi tudun ya kauce. Kusan duk AR ta yanzu tana da shi. Abin dubawa shi ne inda kwanson ke sauka. Ka ɗauka bakin bindiga ƙarfe 12 ne na agogo. Daidai shi ne ya sauka tsakanin 3 da 4. In yana zuwa 1 ko 2, gas ɗin albarushi da ke tura sakata ya yi yawa, sakata na gudu fiye da kima. In yana komawa 5, gas ya yi kaɗan ko harsashin ba shi da ƙarfi, kuma wannan ne ke damun bahago. In kuwa ya taɓa lafiya sannan ya fara watsuwa ko'ina, a duba farcen da ke jawo kwanso da sifirinsa, sun gaji.

Dan_Tauri:
Ba kwanso nake nufi ba, Malam. Kwanso ƙuna ce ta kwana biyu. Ina maganar ranar da gindin harsashi ya fashe a ɗaki. Matsin da ke cikin harsashin 5.56 na AR ya haura psi 50,000. In ya sami hanya, ta taga da ramin magazin zai fito, da ɓurɓushin tagulla da albarushin da bai ƙone ba. Mai dama, ƙarfen bindiga ne tsakaninsa da tagar. Bahago fuskarsa na gefen da tagar take, hannunsa na dama kuma yana miƙe a gabanta. Haka abin yake a mai sakata: a Remington 700 ta dama, ramin da aka huda don gas ya tsere yana gefen dama. An yi shi ne don ya kauce wa mai dama.

Ido_Guda:
Wannan magana ce. Shi ya sa tabarau ba zaɓi ba ne ga bahago, kuma ba kowane gilashi ba, mai tambarin Z87.1 wanda ya rufe gefe. Riga mai dogon hannu, wuya a rufe, hula mai baki.

Mai_Sakata:
Tunda an zo kan mai sakata. A AR akwai mafita ta gaskiya: Stag Arms tun 2003 suke yin ɓangaren sama mai taga a hagu, ya hau kan ɓangaren ƙasa na yau da kullum. Abin lura, sakatarsa da gidanta na hagu ne zalla, ba sa musanya da na dama, don haka a sayi sakata ta biyu a ajiye tun ranar farko. Amma bindiga mai sakata ta hannu ba a juya ta. Ramin da hannun sakata ke kwanciya, tagar, farce, wurin makulli, duk an yanka su a ƙarfe guda. Akwai masu yanke hannun su yi masa walda a ɗaya gefen. Zafin walda yana iya sassauta taurin ƙarfen sakata, taga tana nan a dama, kuɗin aikin kuma ya kusa na sabuwa. A sayar a sayi ta hagu. Savage 110, Remington 700, Tikka T3x, Ruger American, Browning X-Bolt, duk suna da ta hagu, sai dai nau'in harsashin da ake samu a cikinsu bai kai na dama yawa ba.

Gwanin_Gasa:
@Mai_Sakata ban yarda da "a sayar" kai tsaye ba. Ya danganta da yadda ake harbin. In a kwance ne bisa ƙafafu biyu, ko a kan tebur da buhun yashi, bindigar dama ta fi wa bahago daɗi. Hannun hagu ba ya barin mariƙi, kunci ba ya barin gindi, hannun dama da ba shi da aikin ɗaukar nauyi shi ke jan sakata, kuma taga na gaban idonka, kana ganin harsashi yana shiga. Masu harbin tebur har sukan ba da odar bindiga mai sakata a gefe ɗaya, taga a ɗaya gefen, saboda irin wannan lissafi.

Mai_Sakata:
A kwance na yarda. A tsaye fa, dabba ta motsa, ana son harbi na biyu? Hannun dama ya saki gaban bindiga, nauyin kilo 4 ya koma kan wuyan hannun hagu shi kaɗai, baki ya faɗi ƙasa. Ko kuma hannun hagu ya tsallako madubi, a karkata bindiga, saiti ya tafi. Mai tambaya ya ce ta farauta ce.

Hajiya_Saiti:
Duk wanda zai bi hanyar Gwani, ya kula da babban yatsansa na hagu. In ya naɗe shi bisa wuyan gindin bindiga kamar yadda aka saba, bayan sakata yana dawowa daidai kan gaɓar yatsan, kuma ƙarfe ne mai kusurwa, yana yanka. Ya fi tsanani a masu doguwar sakata irin masu cin harsashin .30-06. Yatsan ya kwanta a gefen hagu tare da sauran.

Tsohon_Hannu:
Akwai ta uku da ba a ambata ba, masu sakatar da ake ja kai tsaye ba a ɗagawa. Beretta BRX1 ana mai da hannunta hagu, a kuma juya gefen da kwanso ke fita, ba da kayan aiki ba. Savage Impulse hannun ne kaɗai ke komawa, kwanso yana nan ta dama. Blaser R8 kuwa sakatar hagu ake saya a zura. Wanda kuma harbi ɗaya ya ishe shi, Ruger No. 1 ba ta san dama ko hagu ba. Winchester 94 ta asali ta sama take tofar da kwanso, Browning SA-22 ta ƙasa.

Sarkin_Zolaya:
Wato dai bahago sai ya yi digiri kafin ya harba gwangwani.

Tsohon_Hannu:
Ka gode wa Allah ba sojan Ingila ba ne. L85 ɗinsu taga tana daidai kunci, hannun ɗanawa kuma yana kai da komo a gefen dama da kowane harbi, don haka kowa daga kafaɗar dama ake koya masa, bahago ko ba bahago ba. Steyr AUG ta Ostiriya ita ma magazin a baya yake, amma an yi mata taga biyu: a sa sakatar hagu, a mai da murfi ɗaya gefen. Tavor ma da sakatar hagu ake juya ta. FN F2000 ta gaba take fitar da kwanso, P90 ta ƙasa. Duk irin wannan ƙira mai magazin a bayan mariƙi da ke fitar da kwanso ta dama, in ba a juya ta ba, kada bahago ya ce bari in gwada ko sau ɗaya. Haƙora ne a wurin.

Dan_Tauri:
AK kuwa kamar don bahago aka yi ta. Makulli da hannun ɗanawa duk a dama, hannun da ke sake ya yi aikinsu, harshen sakin magazin a tsakiya. Hannun dama dai kada ya matso baya kusa da magazin, ƙarfen ɗanawar yana dukan yatsa.

Bahago_Sabo:
Na gode ƙwarai. Mu koma kan mai sakatar. In an ce ba za a sayar ba a yanzu, me za a iya gyarawa a jikinta?

Baba_Maƙeri:
Duba makulli da gindi. In makullin a saman wuya yake, a tsakiya, kamar na Savage 110 da Ruger American da X-Bolt, babu abin gyara. In a gefen dama yake bayan hannun sakata, kamar na 700, babban yatsan hagu yana iya tsallakowa ya tura shi, sai dai a saba. Kada a lanƙwasa shi, kada a yi masa ƙari.

Wanda ke da haɗari shi ne makullin maɓalli da ke ratsa gidan kunama, irin na Ruger 10/22 da Remington 7600. Mai dama yana tura shi daga dama zuwa hagu ya buɗe, jan zobe ya bayyana a hagu. Mutane sukan zare shi su juya shi su mayar, suna ganin an gama. Yankan da ke jikinsa ba iri ɗaya ba ne gaba da baya, sai ka sami makullin da ke nuna a rufe yake alhali kunama na aiki. Na hagu daban ake ƙera shi, shi za a saya, maƙeri ya sa, a yi gwajin da Mai_Kunama ya faɗa. Kuma duk wanda zai taɓa bindigar a gaya masa an juya makulli, ranar sayarwa a mai da na asali.

Mai_Kunama:
Wannan na ƙarshen shi ya sa wasu masu koyarwa ba sa son a juya shi sam, musamman bindigar da mutum fiye da ɗaya ke amfani da ita. Hannu ya riga ya haddace gefe ɗaya.

Hajiya_Saiti:
Gindin da Baba ya ambata. Kifa bindiga ka kalle ta daga baya, ka bi layin bututu da ido. A wasu gindin katako na farauta za ka ga ƙarshensa ya ɗan kauce dama, milimita kaɗan, don idon mai dama ya faɗa kan layi. Bahago kuncinsa na ɗaya gefen, sai katakon ya ture fuskarsa waje, ya riƙa danna kunci da ƙarfi don ya ga cikin madubi, bindiga ta yi shuri ta mare shi. In kuma akwai matashin kunci a hagu mai leɓe da ya lanƙwaso dama, leɓen ne zai riƙa cin ƙashin kunci. Masu aikin katako suna iya lanƙwasa gindi da mai mai zafi, amma mafi sauƙi a sa gindin roba miƙaƙƙe mai matashin da ake ɗagawa. Notin da ke haɗa gindi da ƙarfe a ɗaure su da ma'aunin da kamfanin ya rubuta, na gaba kafin na baya. Madubi ya zauna kamar santimita 9 daga ido, a gwada a tsaye da kwance, notin zobensa a ɗaure shi da ƙarfin inci-fam 15 zuwa 18. Bayan duk wannan sai an sake saiti: harbi biyar a mita 100, a auna tsakiyarsu, sannan a murɗa. A madubin da aka rubuta 0.1 mil a ƙullin murɗawarsa, ƙas ɗaya santimita 1 ne a wannan nisa.

Mai_Sakata:
Wanda ya sayi ta hagu ma yana da nasa. Madubai da yawa suna da ƙulli na uku a gefen hagu, na daidaita nisa. Taga ta koma hagu, kwanso ya tashi ya bugi ƙullin ya faɗo cikin taga, sakata ta cije. Sai a ɗauka farce ne ya lalace. Duba ƙasan ƙullin, in ka ga ɗigon ruwan tagulla, shi ne. A ɗaga zobe kaɗan ko a nemi madubi mai ƙaramin ƙulli.

Ido_Guda:
Maratayi ma a mai da maƙalansa gefen dama in ana rataya ta a gaba, amma a lura kada igiyar ta kwanta bisa taga.

Gwanin_Gasa:
@Bahago_Sabo kafin ka kashe kuɗi kan ta hagu, nemi harsasan gwaji marasa albarushi guda biyar, ka yi sati biyu kana jan sakata da hannun dama, a tsaye, sau 20 kullum. In baki bai daina faɗuwa ba, Mai_Sakata ya ci.

Dan_Tauri:
Sati biyu ba zai matsar da ramin gas ba.

Bahago_Sabo:
An ji duka. Makulli da hannun ɗanawa na AR za a fara sawa, magazin a bar shi tukuna. Baba, wane girman alanki ne notin mariƙin?

Baba_Maƙeri:
Yawanci 3/16 na inci, dogo, don notin yana can ciki. Wasu kuma tsaga ce, sai faffaɗan sukundireba. Leƙa da tocila kafin ka zura komai.